Kurwarku Kur, Littafi Ne Kawai

To, jama'ar Yamai, ku sassauta. Tun ranar da na ce akwai wani littafin ƴan mata mayu da ya kamata a bar ƴaƴanmu su karanta, wasu suka fara jan kujera nesa da ni a fada. Wani ma da na miƙa masa shayi sai da ya dubi kofin, ya dube ni, ya motsa leɓe, kana ya kurɓa. Na ji abin da ka ce, Malam. Kurwarka kur. Kwantar da hankalinka, ko da ni maye ne, ramamme irinka ba zai kai ni la'asar ba.

Mai littafin Bature ne ɗan Ingila, Terry Pratchett. An haife shi a 1948, ya rasu a watan Maris na 2015. Da aikin jarida ya fara, daga baya ya zama kakakin hukumar wutar lantarki ta ƙasarsu, aikinsa shi ne ya tsaya gaban ƴan jarida ya ce tashoshin nukiliya lafiya lau suke. Wanda ya ci abinci da wannan sana'a kuwa, tsara labari ba zai ba shi wuya ba. Littattafai 41 ya rubuta a kan wata duniya da ya ƙaga, shimfiɗaɗɗiya, tana kan giwaye huɗu, su kuma giwayen suna tsaye a gadon bayan wani ƙaton kunkuru mai iyo a sararin samaniya. Biyar daga cikinsu labarin wata yarinya ne mai suna Tifani. Na farkon ya fito a 2003 da sunan The Wee Free Men. Mu na nan da mushe ya dasa wa Faransanci da bulala, muna samunsa da sunan Les Ch'tits Hommes libres, fassarar Patrick Couton, inda yarinyar ta koma Tiphaine Patraque. Na biyun, na 2004, shi ne Un chapeau de ciel. A kan waɗannan biyun nake magana.

Alhaji na can gefe ya riga ya ja tsaki tun daga kunkuru. Alhaji, ba kai ne kakarka ta gaya wa duniya a kan ƙahon sa take, in ya gaji ya sauya ƙaho sai ƙasa ta girgiza ba? Ka ce mata ƙarya take? Ka dai gyara kwanciya ka ce ta ƙara wani.

Tifani shekararta tara. Ƴar makiyaya ce, tumaki ne gadon gidansu, ita kuma gwanar cuku ce, irin yarinyar da in an bar mata ƙwaryar nono ba a sake waiwayarta. Littattafan gidan ba su taka kara sun karya ba, don haka ta ɗauki ƙamus ta bi shi shafi-shafi har bango. An ɗora mata renon ƙanenta, yaro mai majina, kullum hannunsa na danƙo, ba shi da zance sai a ba shi alewa. Wata rana ta ga dodanniya mai korayen haƙora a rafin garinsu. Ba ta kwarma ihu ba, ba ta faɗi sumammiya ba. Gida ta koma ta sunkuto kaskon suya na ƙarfe, ta ajiye alewa a bakin ruwa, ta bar ƙanen ya nufi wurin, ita ta laɓe. Dodanniya na ɓullo da kai ta shema mata kasko a fuska.

Ku lura fa, da ƙanenta ta ɗana tarkon. Duk macen da ta taɓa goyon ƙane tana ƴar shekara tara, sa'o'inta na gaɗa a dandali ita tana gefe tana jijjiga, ta san abin da ke ran Tifani, ko da ba za ta faɗa a gaban Inna ba. Marubucin bai yi mata kwalliya ba. Yarinyar ba wani son yaron take ba, ya ishe ta. Amma da sarauniyar aljanu ta sace shi, sai ta ɗau kaskonta ta bi sawu, don nata ne, ita kuwa ba a taɓa mata nata.

Masu rakiyarta wasu ƴan mitsi-mitsin mutane ne, tsawonsu bai wuce taƙi ba, jiki shuɗi saboda zane, gashi ja wur. Sana'arsu sha da faɗa da sata. Huɗu za su shiga ƙarƙashin tunkiya, kowa ya kama ƙafa ɗaya, sai dai makiyayi ya hangi tunkiyarsa tana sheƙa gudu da baya alhali ba ta ɗaga ƙafa ba. Dillalan Turaku, ku gode wa Allah da ba a Yamai suke ba, da jajibirin layya an sha kuka. Ba sa shakkar kowa a fagen dambe, komai girmansa. Abin da ke kaɗa musu hanta shi ne lauya, da kuma a rubuta sunansu a takarda, don sun lura duk wanda aka rubuta sunansa, ƙarshenta kaso. Na san wasu ƴan kasuwa a Katako masu irin wannan fahimta game da takardar haraji.

Yanzu ga Malam ya gyara rawani. Sihiri haramun ne. Haka yake, Allah gafarta Malam, ban ja ba, ba kuma zan ja ba. Sai dai ina roƙon a nuna mini shafin da aka koyar da shi. Ba hatimi a ciki, ba a ce a samo baƙin zakara ko gashin kishiya ba, ba a aiki kowa maƙabarta da tsakar dare ya binne ƙwarya ba. Wanda ya sayi littafin nan don ya mallake miji ko ya ci zaɓe, jikkunansa sun tafi a banza. A littafi na biyu Tifani tana da shekara 11 aka kai ta koyon sana'a wurin wata dattijuwa. Ta tafi da zaton za a koya mata abin da zai sa gari ya girgiza. Abin da ta tarar shi ne tatsar awaki, da zagaya gidaje da kwando, da wanke tsofaffin da ba su da mai wanke su, da durƙusawa a yanke wa wani tsoho faratan ƙafa da suka yi kaurin da almakashin gida ba ya cin su. Haihuwa ta zo, su ake kira. Mai jinya ya ɗauko hanya, su ke zama da shi har ya cika, su kwana da gawa. Ba a biyansu da kuɗi, sai tsohon tufafi da abin da ya samu na abinci. Yarinyar har haushi take ji, tana ganin an yaudare ta.

Malam, a unguwarku wa ke wannan aiki? Ka san ta. Tsohuwar nan ce da ake buga wa ƙofa ƙarfe uku na dare in naƙuda ta tashi babu mota. Ita ke yanke cibiya, ita ke dafa ruwan wankan jego, ita ake kira wankan gawar mata. Ranar suna a miƙa mata ɗan abin da aka miƙa, a manta da ita sai wata naƙudar. Littafin nan kacokan yabon wannan tsohuwa ne, an sa mata doguwar hula mai tsini don yara su yarda su zauna su saurara.

Inda na fi yin dariya kuwa shi ne taron ƴan matan. Sa'o'in Tifani masu koyon sana'ar kan haɗu a daji da dare su kewaye wuta. Akwai Annagramma, wadda ba wanda ya naɗa ta shugaba sai kanta, ba ta barin kowa ya kai ƙarshen zance, uwar ɗakinta kuma ta koya mata cewa sana'ar duk a ƙyale-ƙyale take, taurarin azurfa da manyan kalmomi. Akwai Petulia, mai kunya da yawan ban haƙuri, ta rataya sarƙoƙi har suna sarƙe mata a gashi, kowa na raina ta, alhali in dabba ta kwanta ciwo ita kaɗai ce ba ta ƙyamar cusa hannu. Aladu ne gwanintarta. To, ƙasarsu ce, ku mai da su awaki a ranku mu wuce. Duk wadda ta yi lakwal ta kwana ta san Annagramma ɗaya, wasunku ma ku ne ita, kuna nan yanzu kuna shugabantar adashe.

Sai ku, taubasaina Zabarmawa na ƙetaren gada, masu saƙale tabarau a Jami'ar Abdou Moumouni. Ni Bagobiri ne da zanena a kumatu, kuma tun 2014 UNESCO ta sa wasan taubasantakar ƙasar nan cikin kayan gadon duniya, don haka duk abin da na faɗa muku da izinin Majalisar Ɗinkin Duniya na faɗa. Kun ce wannan littafin yara ne, ƙarya ce tsagwaronta, mai hankali tarihi da siyasa yake karantawa. Madalla. Gidan tarihin da kuke kai ƴaƴanku kallon kura da zaki ranar salla, sunan wa ke ƙofarsa? Boubou Hama, naku ne, ɗan ƙasar Tera, wanda ya riƙe majalisar dokoki har juyin mulkin 1974. Mutumin nan yana shugaban majalisa yana zaune yana rubuta tatsuniyoyi juzu'i bayan juzu'i, da aljanun ruwa da matsafa da dabbobi masu magana. Cikinku wa ya fi shi karatu? Ku ɗaga hannu in gani.

Cibiyar al'adun nan da muka tashi muna kira da sunan Jean Rouch, a watan Oktoban 2024 an mai da ita sunan Moustapha Alassane, kun yi tafi har da ku. Me ya fito da Alassane duniya? Zanen kwaɗi. A 1966 ya yi ɗan fim ɗinsa Bon Voyage Sim, inda shugaban jamhuriyar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki, ana yi masa fareti da jawabai, kuma kowa a lokacin ya san da wa ake. A littafin Tifani ma akwai kwaɗo mai magana, da can lauya ne kafin a juyar da shi, bai kuma daina kawo sharuɗɗa ba. Kwaɗon Alassane shugaban ƙasa, na Pratchett lauya. Ku bayyana mini dalilin da za a kafa wa ɗaya allo a bakin titi a yi wa ɗayan tsaki.

Ku ma Hausawa kada ku yi dariya da yawa, layinku na zuwa. Rubutun zube namu da me ya buɗe ido? Gasar da aka shirya a Zariya a 1933 ita ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, aka buga su a 1934. Na farko yawon duniya ne da aljanu da sharar ƙarya, Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna ta ƙulla wa juna tsiya. Na biyu kuwa jarumi ne da ya bar fagen yaƙi da Turawa ya faɗa ƙasar aljanu. Marubutan nan ƴaƴan malami ne, a gidan karatu suka tashi, ba a kuma ji an kore su daga sahu ba. Yau kuma wa ke cinye littattafan yaƙi na Abdulaziz Sani Madakin Gini, masu matsafa da takubban sihiri? Wa ke kwana gaban tele yana kallon fassarar fim ɗin Indiya, mace ta rikiɗa ta zama macijiya, yana cewa yara su yi shiru ba ya ji? Alhaji, sunkuyar da kai ba amsa ba ce.

Masu cewa kayan Turawa ne, zamanin ƴancin kai muke, na ji ku, ba zan tsaya dogon musu ba. Ku tuna dai da Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Abdoulaye Mamani ya rubuta labarinta a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. A cikin labarin nan me maƙiyanta ke kiranta, na waje da na gida? Matsafiya. Yau ga gidan rediyo da sunanta a Yamai. Mace mai sanin magani da taurin kai wadda maza ke tsoro, mun riga Pratchett saninta.

Hajiya ce kaɗai ta yi maganar da ta sa na ajiye wasa. Ta ce maita ba abin dariya ba ce, ta ga abin da ake yi. Ni ma na gani, Hajiya, kuma yadda abin ke tafiya ba ya sauyawa. Damina ta yi nisa, yaro ya kwanta da zazzaɓi, jiki ya yi zafi har ya fara sambatu. A cikin sambatun ya ambaci sunan wata tsohuwa ta bayan gida, wataƙila don ita ce ta ba shi gyaɗa shekaranjiya. Shi ke nan, an kama mayya. A jawo ta gaban jama'a, a ce sai ta tsallake shi ta saki kurwarsa, wani lokaci har a tuɓe mata zane. In yaron ya tashi, an tabbatar. In ya mutu, an fi tabbatarwa. Daga nan a ce a nono ake sha, don haka ƴaƴanta mata da jikokinta sun shiga uku wajen samun miji. Da an kai yaron likita da wuri, da wataƙila an ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai. Ban kuma taɓa jin yaro ya yi sambatu ya kama matar mai kuɗin unguwa ba. Kullum gwauruwa ce, ko wadda ba ta haihu ba, ko baƙuwar da ba ta da dangi a gari.

Abin bai tsaya a kanmu ba. A arewacin Gana har yau akwai matsugunan matan da aka kora da wannan zargi, na Gambaga ya fi suna. A watan Yulin 2020, a garin Kafaba, aka yi wa wata tsohuwa ƴar shekara 90, Akua Denteh, dukan da ya kashe ta da rana tsaka, mutane na tsaye suna kallo, wani na ɗauka da waya. Su ma Turawan Ingila da ke rubuta mana littafin ban dariya, a 1612 sun rataye mutum goma a Lancaster kan zargin maita, babbar mai shaida kuwa yarinya ce ƴar shekara tara da aka tsayar gaban alƙali ta nuna uwarta da yayyenta.

To, Hajiya, kin san abin da ya sa Tifani ta ƙudurta shiga wannan sana'a? A garinsu ɗan hakimi ya ɓace a daji da dokinsa. Akwai wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai a gefen dajin, ba haƙora, tana magana da kanta, tana da kyanwa. Aka ce ita ce, ta gasa yaron a tanderu har da dokin. Aka ƙone ɗakinta, aka jefe kyanwar, aka hana kowa ba ta masauki, har sanyin hunturu ya kashe ta a waje. Yarinyar ta je kangon ita kaɗai ta duba tanderun, ta ga ɗan na gasa burodi ne, ko yaro ba zai shiga ba balle doki. Ta binne kyanwar. Daga baya, can a ƙasar aljanu, ta iske ɗan hakimin da ransa. Tun daga ranar kangon nan ta yanke cewa garin na bukatar wadda za ta tsaya ta tambaya: wa ya gani da idonsa, yaushe, ina shaida? Ƴar shekara tara ce ita ma, sa'ar waccan ta kotun Lancaster. Idan za a ba ƴata ɗaya daga cikin biyun ta yi koyi, na san wadda zan zaɓa, na kuma san wadda za ki zaɓa. Dariyar da ke cikin littafin ita ke riƙe yaro har ya iso wannan shafi. Da wa'azi aka buɗe masa da shi, da tuni ya ajiye ya koma wayarsa.

Kada ku ce ɗan talla ne ni, littafin na da nasa. Ƴan mitsi-mitsin nan a asali da harshen mutanen Sikotilan suke magana, mai fassara kuma ya ba su wani karin Faransanci na arewacin Faransa, wanda ko mai digiri sai ya karanta jimla da ƙarfi kafin ya gane inda aka dosa. Yaron da ke fama da Faransancin lakwal zai yi gumi. Kashi na ƙarshe na littafin farko, inda ake faɗawa mafarki cikin mafarki, ya yi mini tsawo, na ƙosa a fito. Wasu barkwancin kuma sai wanda ya san ƙauyen Ingila da ruwan samanta, mu sai dai mu yi murmushin ladabi mu juya shafi. Samunsa ma aiki ne. Masu shimfiɗa littattafai a ƙasa wajen Babbar Kasuwa sun fi cika tabarmarsu da littattafan jarrabawa da tsofaffin ƙamus, sai ka yi saƙo wurin mai tafiya, ko ka dace da wanda wani ma'aikacin ƙungiyar agaji ya bari da zai koma gida.

Kada kuma a jira wani sabo daga Pratchett. Na ƙarshen Tifani ya fito bayan rasuwarsa a 2015, sauran labaran da bai gama ba kuwa wasiyya ya bari a murƙushe ma'ajiyar kwamfutarsa da motar daɓe titi, aka kuwa cika masa a 2017. Saura ku, marubutanmu. A littattafanmu da finafinan Kano, in mayya ta fito, ko kishiya ce ko uwar miji, da jan ido da muguwar dariya, ƙarshenta ta haukace ta tona kanta a kasuwa. An ci wannan tuwon har ya yi tsami. Tun 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, to ga fili ga mai doki. A ba mu ƴar tallan kopto daga Bukoki ko Talaje, wadda aka kai riƙo wurin tsohuwar ungozoma da unguwa ke tsegumi a kanta. A ba ta ludayi ko muciya, kaskon na Tifani ne. Kogin Kwara na nan cike da mazauna, masunta sun san sunayensu ɗaya bayan ɗaya. In Bazabarme ne ya riga ku rubutawa, ya kawo ni zan gyara masa Hausar kyauta, kilishin da zan ci ina gyaran dai a wuyansa yake.